Faifan 'Ya'yan Maƙera

Akwai wani faifai da abokaina suke cewa ba kiɗa ba ne, hayaniya ce kurum. Ni kuwa ina ganin girmansa, kuma ina so in faɗi dalili. Shi ne faifai na farko da ƙungiyar Black Sabbath ta fitar a Ingila, ran Juma'a 13 ga Fabrairu, 1970.

Samari huɗu ne 'ya'yan talakawa daga unguwar Aston ta birnin Birmingham, garin masana'antun ƙarfe da hayaƙi: Ozzy Osbourne mai waƙa, Tony Iommi mai jita, Geezer Butler mai jita mai kauri, da Bill Ward mai ganguna. A watan Oktoba na 1969 suka shiga ɗakin ɗaukar murya a Landan, suka kaɗa kamar yadda suka saba a gidajen rawa, suka gama cikin yini guda. Masu sharhi a jaridu suka kushe shi, amma samari suka yi ta saye har ya kai na 8 a jerin faya-fayan da suka fi kasuwa a Ingila.

Abin da ya ɗaure ni da faifan nan shi ne hannun Iommi. Yana ɗan shekara 17, ranar da zai bar aiki a wata masana'anta, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Shi kuwa bahago ne, wato da hannun nan yake danna tsirkiya. Ya fid da rai, sai shugabansa na wurin aiki ya kunna masa faifan Django Reinhardt, wanda gobara ta lalata wa yatsu biyu amma bai bar jita ba. Iommi ya narka robar kwalbar sabulu ya yi wa yatsunsa huluna, ya nemi tsirkiya sirara, ya koma koyo.

Ni a gidan maƙera na tashi. Na san ƙarar guduma a kan uwar maƙera tun kafin in san baƙi, na kuma ga yayana ya ajiye sana'ar bayan wuta ta cinye masa hannu. Saboda haka in na ji ruwan sama da tsawa da ƙararrawar da suka buɗe faifan, sa'an nan jita ta faɗo da nauyi, a hankali, kamar saukar masaba, nakan ji mutumin da ya ƙi yarda a ce ya gama amfani.

Ba na cewa kowa ya so waƙoƙinsu masu ban tsoro. Ko sunan nasu daga wani fim na ban tsoro na 1963 suka aro shi. Amma kafin ka ce hayaniya ce, ɗan'uwa, tambayi hannun da ya yi ta.