Mai Zane da Kashin Giwa

An haifi Chris Ofili a Mancesta ta ƙasar Ingila a shekara ta 1968. Iyayensa 'yan Nijeriya ne, 'yan Katolika, shi ma yana yaro ya yi hidima a bagadi. A Landan ya koyi zane da fentin mai, irin wanda Turawa suka gada tun kaka da kakanni.

A 1992 ya tafi Zimbabuwe. Can ya ga zanen mutanen dā a kogwannin duwatsun Matobo, ɗigo-ɗigo birjik, ya kuma ga kashin giwa a daji. Da zai koma gida sai ya cusa busasshen kashin cikin kayansa. Tun daga nan aikinsa ya sake kama. Yakan shafa fenti, ya barbaɗa ƙyalƙyali, ya malala wani ƙaro na roba mai sheƙi, ya sāke ɗiga fenti a kai, hawa bisa hawa. Curin kashin ma yakan lulluɓe shi da ƙaron don kada ya ruɓe, ya manna a jikin hoton. Ba ya rataye hoton. Yakan ɗora shi bisa curi biyu, ya jingina da bango.

A 1996 ya zana Budurwa Maryamu baƙar mace cikin shuɗin mayafi, nononta ɗaya na kashin giwa. Da aka nuna hoton a Buruklin ta birnin Niyok a 1999, magajin gari Rudolph Giuliani ya fusata, ya nemi ya hana gidan nunin kuɗin hukuma. Kotu ta hana shi. Wani tsoho kuma ya shafa wa hoton farin fenti, aka wanke.

To, duk surutun a kan kashi aka yi shi. Amma wanda ya tashi a ƙauye ya san kashin dabba taki ne, har da laka ake cuɗa shi a yi yaɓe. Abin da ya fi cancanta a tuhumi Ofili a kai shi ne 'yan hotunan tsiraici da ya yanko daga mujallu ya manna kewaye da uwar Ubangiji. Wannan kam da wuyar haɗiya ga mai bi, ko da wace hujja aka kawo.

Da kayan nan dai ya zana wata mace tana kuka a 1998, domin uwar Stephen Lawrence, saurayin da aka kashe a Landan a 1993 saboda baƙar fatarsa. Cikin kowane ɗigon hawaye akwai ƙaramin hoton yaron. Sunansa kuwa da fenti mai haske cikin duhu aka rubuta. A shekarar nan ya ci kyautar Turner, baƙar fata na farko da ya same ta.

A 2005 ya ƙaura zuwa Tirinidad, ya ajiye kashi da ƙyalƙyali. A 2006 ya zana Yahuza Iskariyoti a rataye, cikin shuɗi mai duhu ƙwarai, har sai ido ya daɗe kafin ya gane akwai mutum a wurin.