Ledar Taliya Biyu

Wannan makon ba zancen littafi na zo da shi ba, daga kicin nake, ku yi min afuwa.

A finafinan Koriya na fara ganin japchae, wata taliya mai sheƙi kamar gilashi, haɗe da nama da kayan lambu kala-kala. Taliyar sunanta dangmyeon, kuma ba da fulawa ake yin ta ba, da sitacin dankalin Hausa ne. Na daɗe ina kwaɗayinta, har wata ƙawata da ke aiki a Abuja ta aiko min da leda biyu da kwalbar soya sos. Biyu kacal, kuma babu mai sayar da ita a unguwarmu.

Ledar farko ni na kashe ta da hannuna. Na ce ai taliya taliya ce, sai na yi mata irin ta dafa-duka: na soya nama, na zuba karas da albasa da alayyahu, na tsaida ruwa, na antaya ta ciki na rufe tukunya. Da na buɗe, ta narke ta dunƙule wuri guda, alayyahun ya yi baƙi. Umma ta leƙo ta ce, "Ke kuma koko kika dama da nama?" Ƙanina ya raɗa mata suna tuwon roba. Rabin kilon nama ya tafi, kuma kuɗin daga aljihuna suka fito.

Sai a lokacin na zauna na karanta, abin da ya kamata in fara yi. Ma'anar sunan dai "haɗin kayan lambu". An ce wani bafade mai suna Yi Chung ne ya fara yi wa Sarki Gwanghaegun, wanda ya mulki Koriya daga 1608 zuwa 1623, kuma a lokacin babu taliya a ciki sam. Ta shigo ne a ƙarni na 20, bayan an kafa masana'antar yin ta a garin Sariwon a 1919. Abin da ya fi ba ni haushin kaina shi ne, haɗawar ita ce aikin ƙarshe. Kowane abu shi kaɗai ake soya shi.

Ranar Asabar na ɗauko leda ta biyu, gabana na faɗuwa. Na yanka naman sirara-sirara, na jiƙa shi minti 30 cikin soya sos, tafarnuwa, man riɗi da sukari. Umma na ganin sukarin ta ce, "Nama da sukari? Allah ya kyauta." Ban tanka ba, amma na rage shi, cokali ɗaya na sa maimakon biyu, kuma har yau ina ganin hakan ya fi dacewa da harshenmu.

Alayyahunmu ya fi ganyen da suke amfani da shi tauri, don haka na bar shi minti ɗaya a tafasasshen ruwa, na tsoma a ruwan sanyi, na matse. Karas minti biyu a kasko, a kwashe. Albasa, a kwashe. Jan tattasai, a kwashe. Sannan nama. Su suna sa laimar kwaɗi, ni na tsallake ta, don na san ko da kuɗi ba mai ci a gidanmu. Ƙwai na soya shi fale-fale na yayyanka. Taliyar kuwa minti bakwai na ba ta, ina tsaye a kanta, na tsane ta, na datse da almakashi saboda tsayinta. Duk wannan lokacin Umma na daga tsakar gida tana tambayar ko ni zan cika gas ɗin.

Riɗin ne ya ba ni mamaki. Man riɗinsu na soyayyen riɗi ne, shi ya sa yake wannan ƙamshin, nawa kuwa ɗanye ne, ba ya cewa komai. Sai na soya riɗi kamar za a yi kantu, na ɗan daka na barbaɗa. Ƙamshin da na ɗauka sai an je Seoul, ashe yana cikin abin da ake lodawa a buhu a kasuwar Maigatari.

Na juye komai a babbar roba, na ƙara soya sos, na cakuɗa da hannu kamar yadda suke yi. Karas yana nan ja yana ƙaras-ƙaras, alayyahu kore shar, taliyar tana santsi ba ta manne ba.

Umma ta ɗiba ta tauna, ta yi shiru, ta sake ɗiba. "Ba laifi," ta ce, "amma ba yaji." Na buɗe baki zan yi bayanin cewa haka ake cin ta, sai ga ƙanina ya ajiye kwalbar yajin tafarnuwa a gabanta. Suka barbaɗa, suka cinye, suka bar min kwanuka tara a wurin wanke-wanke.