Ruwan Baƙo: Lemun Tsami da Na'a-na'a a Zangon Kwadaso

Da zarar hazon hunturu ya yaye a Kumasi, wajen watan Fabrairu zuwa Maris, rana takan buɗe da zafi mai haɗe da gumi. A irin wannan lokaci ne mu da ke hidimar zauren dattijo muke gane darajar abin da ake fara miƙa wa baƙo, domin mai ƙishirwa ba ya jin nasiha, kuma ba a fara sulhu da busasshen maƙogwaro.

Kakanninmu sun iso ƙasar Asante ne ta hanyar fataucin goro, da yawansu ta Salaga, musamman bayan yaƙin basasar da ya watsa garin a 1892. Cikin abin da suka zo da shi har da al'adar ruwan baƙo: ba a tambayar mutum abin da ya kawo shi sai ya jiƙa maƙoshi. Fura, lamurje da zoɓo, wanda maƙwabtanmu ke kira sobolo, duk daga wannan tushe suka bazu cikin unguwanni irin su Aboabo, Asawase da namu Kwadaso.

Yau kuwa littafin lissafi yana hannunmu, muna ganin yadda lemun kwalba ya mamaye suna, ɗaurin aure da zaman makoki. Magidanci yakan ci bashi don kada a ce bai jera kwalabe ba, alhali tun 2023 gwamnatin Ghana ta ɗora harajin kashi 20 cikin ɗari a kan abubuwan sha masu sukari. Ga kuma batun lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babba ke sha a yini kada ya wuce kimanin giram 50, ƙananan cokula 12 ke nan, kuma kwalba guda takan cinye fiye da rabin wannan. Dattijon da ya zagaya taro uku a ranar Lahadi, a ko'ina aka ba shi ya sha don kunya, ya ƙetare iyaka tun kafin la'asar. Masu ciwon sukari a cikinmu sun san haka, sai dai mayar da kyauta abu ne mai nauyi.

Shi ya sa zaurenmu ya koma ga lemun tsami da na'a-na'a, kuma ga yadda iyayenmu mata suke haɗa shi. A tafasa ruwa lita biyu. A ɗebi kofi guda tun yana da zafi, a narkar da sukari manyan cokula uku ko huɗu, ko zuma ga mai hali. A wanke ganyen na'a-na'a cikin tafin hannu guda, a murza shi kaɗan, a jefa cikin kofin, a rufe har ya huce. Ba a niƙa ganyen, domin niƙa takan fito da ɗaci ta danne ƙamshi. Sai a wanke lemun tsami takwas zuwa goma, a mirgina su a kan faranti don su saki ruwa, a yanka, a matse a hankali ba tare da an wahalar da ɓawon ba, a tace 'ya'yan. Kada a zuba ruwan lemun sai komai ya huce, saboda zafi yana rage sinadarin bitamin C. A ƙara ɗan gishiri kamar abin da yatsu biyu za su ɗauka, don mayar da wanda gumi ya fitar. Mai son yaji ya goga citta kaɗan.

Sharuɗɗa uku ne ba a wasa da su. Kada a ajiye shi a tukunyar dalma, domin tsami yana cin ta. Kada ƙanƙara ta fito daga ruwan da ba a amince da shi ba. Kada kuma ya kwana, domin ruwan lemu yakan yi ɗaci idan ya jima. In wuta ta ɗauke, abin da a nan muke kira dumsor, sai a sa kwalbarsa cikin randa, ƙasa ta yi aikin firiji.

Mukan ware tulu guda marar sukari, a ajiye shi kusa da manya ba tare da sanarwa ba, mai lalura ya sha abinsa babu wanda ya san sirrinsa. Wannan ma karramawa ce, domin rufin asiri yana cikin haƙƙin baƙo.

Kiranmu ga matasan Zango shi ne su koyi wannan haɗi daga hannun Hajiyoyinmu tun suna raye, su dasa na'a-na'a ko a tsohon bokiti ne a bayan ɗaki. Wanda ya matse lemu da hannunsa domin baƙo ya fita kunyarsa, kuma bai kwana da bashi ba. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya sa mu ga damina lafiya.