Tarihinmu Yana Cikin Adaka

Duk wanda ya nemi tarihin ƙasar Illela a littafi, abin da zai tarar kaɗan ne, kuma galibinsa labarin Turawa ne. Zai karanta cewa a 1899 rundunar Faransa, wadda ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, ta ƙone Birnin Ƙonni. A 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. A 1906 ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar iyaka, Ƙonni ta faɗa hannun Faransa, mu kuwa muka zauna hannun Ingila. Duk gaskiya ne. To amma ina labarin manomi da masunci da matar da aka kai aure tsallaken iyaka?

Ni dai a cikin adaka na same shi. Bayan rasuwar baffana a nan Darna Sabon Gari, an buɗe adakarsa aka tarar da hotuna da wasiƙu ɗaure cikin tsumma. A wani hoto marar launi, ga shi tsaye da abokansa a bakin tafkin Kalmalo, kowa da gorarsa da komarsa, ga kifi zube a gabansu. Da na nuna wa ɗalibaina, wasu suka ce ai wannan Argungu ce. Ba laifinsu ba ne, domin ba su tashi sun ga tafkin a wannan cika ba. Ruwansa daga kwarin Majiya na Nijar yake gangarowa; fari na 1973 da na 1984, da madatsun ruwan da aka gina a can, suka sa ya ja baya. Har yarjejeniyar rabon ruwa Nijeriya da Nijar suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990, kuma Majiya na cikinta. Amma yarjejeniya ba ta nuna wa yaro girman kifin da kakansa ya kama.

Wasiƙun kuwa da ajami suke, daga ƙanwarsa da ke aure a Ƙonni, wani almajiri ke rubuta mata. Waɗanda suka fi sosa mini rai na 1984 ne, shekarar da gwamnatin soja ta canza kuɗi ta kuma rufe iyaka har zuwa 1986. Tana kukan tsadar gero, tana tambaya ko da hanyar da za a aiko mata tiya biyu, tana ba da haƙurin rashin zuwa suna. Da aka sake rufe iyakar a 2019 da 2023, sai na ga kamar jiya aka rubuta su.

'Yan'uwa marubuta, wannan dukiya tana salwanta kullum. Gara na ci, damina na jiƙawa. Wasu magada kuma, saboda ganin bisimilla a saman takarda, sai su ƙone ta ko su binne don girmamawa, ba su san wasiƙa ba ce. Tsofaffin da za su iya cewa wannan wane ne, wancan wane ne, su ma suna ta tafiya. Hoton da ba mai shaida mutanen cikinsa kuwa ya zama kurma.

Shawarata ita ce kowa ya fara da gidansu. A nemi izini, a zauna da tsofaffi, a rubuta sunaye da wuri da shekara a bayan hoto da fensir. A sami mai karanta ajami ya juya wasiƙun zuwa boko. A ɗauki hotonsu da waya, a mayar wa masu su kayansu. Abin da iyali suka yarda, a kai kwafinsa Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Muna ta neman jigon labari a finafinan Indiya, alhali ga shi a ƙarƙashin gadon kakarmu. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Allah Ya sa mu farga.