Za ki Bankok sari? Shirya jakar magani kafin jakar kaya

Makonni biyu da suka wuce wata baiwar Allah ta shigo shagonmu da 'yar kwalbar man shafawa a hannu. Babu rubutun da zan iya karantawa a jikinta, sai hoton wata mace fara sol. Ta ce tsarabar Bankok ce ƙawarta ta kawo mata, wata uku tana shafawa, yanzu kumatunta sun yi ja, in ta shiga rana kamar an watsa mata barkono. Ita ta tuna mini da rakiyar da na yi wa gwaggona, mai sarin kayan yara da jakunkuna, zuwa wannan babban birni na ƙasar Tailan. Kwana tara muka yi. Tunda matanmu na Legas da Abuja da Ibadan suna yawan bin hanyar nan, na ga ya kamata mu zauna a kanta yau.

Takardu tukuna. Ban da biza, ana neman ɗan Najeriya da takardar tantancewa daga hukumar NDLEA, kuma ba a rana ɗaya take fitowa ba, don haka ki fara da wuri. Sai katin allurar zazzaɓin shawara, mai ruwan ɗorawar nan. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai ta kwana 10, amma sau ɗaya ta ishe ki har ƙarshen rayuwa. In kin sauka a filin jirgin Suvarnabhumi, ki fara neman teburin jami'an lafiya su duba katin kafin ki shiga layin shige da fice, in ba haka ba sai kin kai gaba a maido ki baya. Tun daga Mayun 2025 kuma akwai katin shiga ƙasa da ake cikewa ta intanet cikin kwana uku kafin isowa, kyauta ne.

Yanzu ga fannina. Duk maganin da kike sha kullum, na hawan jini ne ko na sukari ko na asma, ki tafi da shi a cikin kwalinsa na asali, ba a juye cikin leda ba, tare da wasiƙar likita da Turanci mai ɗauke da ainihin sunan maganin. Ki sa shi a jakar hannu, domin akwati yana iya kwana a Adis Ababa ko Doha ke kina Bankok. Na wata guda ya isa. Abin da mutane ba sa sani shi ne, wasu magungunan da muke ɗauka da sauƙi suna ƙarƙashin doka mai tsauri a can. Mai kodin a ciki sai da izinin hukumar abinci da magunguna ta ƙasar tun kafin ki taso. Magungunan barci irin su Valium sai da takardar likita. Har wasu magungunan mura masu buɗe hanci suna cikin waɗanda ake sa wa ido. Ki kai jakar wurin mai harhaɗa magani ya duba miki, aikin minti biyar ne. Sigarin lantarki haramun ne a ƙasar tun 2014. Saƙon da ba ki buɗe kin gani da idonki ba kuwa, ko na wane ne, kada ya shiga kayanki.

Agogon Bankok yana gaban namu da awa shida. Ga mai shan ƙwaya ɗaya ta hawan jini da safe, matsar da lokacin ba wani abu ba ne. Amma mai allurar insulin, ko mai shan ƙwayar tazarar haihuwa, ta zauna da likitanta su tsara lokutan kafin tafiya.

Yawancin masu sari suna sauka ne a unguwar Pratunam. Jirgin ƙasa daga filin jirgi yana tsayawa a tashar Ratchaprarop, kusa da ita, amma in kina da akwatuna tasi ya fi, ki tabbata direba ya kunna mita. Kasuwar Pratunam ta sammako ce, tun kafin gari ya waye ake baje kaya a lunguna. Ƙa'idarsu mai sauƙi ce: guda ɗaya kuɗinsa daban, in kin ɗauki uku ko fiye sai a ba ki farashin sari. Idan zafi ya yi, ki tsallaka titi ki shiga Platinum, inda irin kayan suke a cikin sanyin na'ura. Abu ɗaya dai, awonsu na jikinsu ne. Rigar da aka rubuta wa babba a can, da ƙyar ta shiga 'yar shekara sha biyar a gidanmu. Shaguna da yawa ba sa yarda a gwada, ba sa karɓar maido, don haka tef ɗin tela ya zauna a jakarki tare da awon waɗanda za ki saya wa. Bobae ita ma ta sarin tufafi ce. Sampeng, a unguwar 'yan Sin, wani dogon lungu ne matsattse cike da sarƙoƙi da kayan kitso da kayan wasan yara, yana kai ki har Phahurat, unguwar Indiyawa, inda yadudduka suke.

Ciniki a can ba irin na Balogun ba ne. Ba a ɗaga murya, ba a kushe kaya don a rage kuɗi. Mai shago za ta danna farashi a kalkuleta ta miƙo miki, ke ma ki danna naki kina murmushi. In ta girgiza kai sau biyu, ta gama. Gwaggo ta gwada irin namu a ranar farko, ta ce wa wata mata jakarta ba ta da ƙwari, matar ta karɓe jakar ta rataye, ta juya mana baya. In ke ce cinikin farko na ranar, za ki ga an ɗauki kuɗinki ana kaɗa su a jikin kaya, neman sa'a ne a al'adarsu. Takardun kuɗinsu, baht, suna ɗauke da hoton sarki, kada ki taka ko da iska ta kwashe. Dokar cin mutuncin sarauta tana kai mutum kurkukun shekara 3 zuwa 15, hirar gidan sarauta ba taki ba ce ko da wasa.

Ranar Asabar muka je Chatuchak, kasuwar da ke cika Asabar da Lahadi, mai rumfuna sama da 15,000. Jirgin sama-da-titi yana sauke ki a tashar Mo Chit. A nan ne abin da nake son ki fi riƙewa ya faru. Zafin Bankok irin na Legas ne, mai gumi, ba busasshe irin na Arewa ba, ga rufin rumfunan ya tare iska. Gwaggo tana shan maganin hawan jini mai sa fitsari. Ashe tun safe ta ƙi shan ruwa don kada ta yi ta neman banɗaki, ba ta kuma karya ba sai shayi. Wajen ƙarfe ɗaya muna duba takalman yara sai na ji ta kama kafaɗata, ta ce, "Ke, ƙasa na juya mini." Kafin in amsa ta sulale. Masu rumfa suka shimfiɗa kwali, muka kwantar da ita muka ɗaga ƙafafunta, wata ta juyo da fanka. Da ta dawo hayyacinta na kaɗa mata ruwan gishiri da sukari na ORS da ke jakata, ta riƙa kurɓa. Allah ya taƙaita, amma kwana biyu ta yi a ɗaki, kuma laifin har da nawa, ni da na san abin da take sha ban tambaya ba.

Don haka ki je tun ƙarfe tara, ki fito kafin azahar. Ki sha ruwa ko ba ki ji ƙishi ba, banɗaki akwai, 'yan canji ake biya. Fitsari ya yi ja, ki san kin makara. Hijabi mara nauyi, takalmi shimfiɗaɗɗe. Watan Afrilu ya fi kowane zafi, kuma daga 13 zuwa 15 ga watan ake bikin Songkran, inda ake watsa wa kowa ruwa a titi, shaguna da yawa a rufe. Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗin yawo, sai dai iskar garin kan gurɓace wajen Janairu, mai asma ta riƙe abin shaƙarta da takunkumi. Lambar motar asibiti 1669 ce, ta 'yan sandan baƙi 1155.

Abinci kuwa, naman alade yana ko'ina, har a romo da man suya, ganin kaza a faranti bai isa ba. Ki nemi tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar, kore ne mai kusurwa huɗu, yana jikin kayan shagunan 7-Eleven da yawa. Kusa da Pratunam, a layi na 7 na titin Phetchaburi, akwai masallacin Darul Aman da gidajen abincin Musulmi kewaye da shi. Ki ce a ba ki khao mok kai, shinkafa ce rawaya da kaza, 'yar uwar dafa-duka. A unguwar Nana akwai layin Larabawa in kin yi marmarin gurasa da gasasshen nama. Ruwan gora kawai za ki sha. Shayinsu da lemukansu zaƙi ne kamar na alewa, mai ciwon sukari ta ce "wan noi", wato zaƙi kaɗan. Ki ɗanɗani mangwaro da mangostin a kasuwar Or Tor Kor, tsallaken Chatuchak. Duriyan kuma ki ci shi a inda kika saya, warinsa ya sa otal da jirgin ƙasa ba sa barin a shiga da shi.

Kada kasuwa ta cinye duk kwanakin. Ki ware rana ɗaya, ki sauka a tashar Saphan Taksin, ki hau jirgin ruwa mai tutar ruwan lemo a kogin Chao Phraya. Kuɗinsa kaɗan ne, iska na kaɗa ki, kina ganin hasumiyar Wat Arun a ɗaya gaɓar. Babbar fadar sarki, wadda aka fara ginawa a 1782, ana buɗe ta 8:30 na safe, ana son sutura mai rufe kafaɗa da gwiwa, abin da bai dame mu ba. Kusa da ita Wat Pho yake, mai gunkin Buda a kishingiɗe, tsawonsa mita 46. Wuraren ibadarsu ne, ana cire takalmi, mace ba ta taɓa malamin Buda, wadda ba ta son shiga ta tsaya ga kallon gini daga waje. In wani mai fara'a ya tare ki a hanya ya ce yau fada a rufe take, zai haɗa ki da mai tuk-tuk, Keke Napep ɗinsu, ya zaga da ke da araha, ki wuce abinki. Shagon duwatsun ado na bogi za a kai ki.

Mu dawo kan kwalbar nan. Man bilicin yana ko'ina a kasuwannin Bankok, da sabulai da ƙwayoyin da ake cewa suna haska fata ko rage ƙiba. Waɗanda ba su da rajista sukan ƙunshi zaiba, wato makuri, mai lalata ƙoda da cutar da ɗan tayi, ko haidirokwinon, ko sitiroid mai ƙarfi da ke sirantar da fata ya bar ta da nankarwa da ƙuraje. Alamun baƙuwata na sitiroid ne, na tura ta wurin likitan fata, domin yanke shi farat ɗaya ma yana tayar da fuska. Abin da ba ki iya karanta abin da ke cikinsa, kada ki saya, balle ki sara ki sayar wa 'yan uwanki ba rajistar NAFDAC. Man zafi da 'yan abin shaƙar nan na hanci da ake rabawa tsaraba ba laifi ga manya, amma akwai kafur da mentol a cikinsu. Kada a shafa wa jariri, kada a ajiye cikin kayansa. Yaranmu da yawa, musamman maza, suna da ƙarancin sinadarin G6PD a jini, irin waɗannan abubuwa suna iya jawo musu shawara mai tsanani a kwanakin farko. Duk alewa ko shayi ko mai da kika ga hoton ganye mai yatsu a jiki, wiwi ne. An sassauta dokarsa a can a 2022, aka sake tsaurara ta a 2025, amma a filin jirgin Legas ko Abuja bai taɓa halatta ba.

Sai sauro. Na Bankok da rana yake cizo, zazzaɓin dengi yake kawowa, musamman a damina, don haka man korar sauro da safe ake shafa shi. In zazzaɓi ya kama ki a can, ki gaya wa likita daga Najeriya kike, ya gwada maleriya, domin ba ita ce farkon abin da zai zo masa a rai ba. In kuma sai da kika dawo gida ya kama ki cikin mako biyu, da ciwon kai ta bayan ido da ciwon gaɓoɓi, ki faɗa wa likita inda kika je, kada a yi ta ɗura miki maganin maleriya. Kafin a gano, farasitamol kaɗai za ki sha. Asfirin da ibufurofen da diklofenak suna ƙara haɗarin zubar jini ga mai dengi. Kare ko biri ya cije ki ko ya yakushe ki, ki wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ki nufi asibiti a ranar don allurar haukan kare.

Gwaggo ta sake komawa bara. Ta ce in gaya muku Pratunam ta fi sauƙin shiga ranar Talata.