Minti Ashirin da Biyar a Faris

A takarda shirin nawa ba shi da aibu. Zan taso daga Liyon da rana, in sauka a Faris, in kama wani jirgin ƙasan zuwa Kolon ta Jamus, inda washegari zan gabatar da muƙala gaban mutanen da na daɗe ina karanta littattafansu. Tsakanin saukata da tashina na bar minti 25, ina ganin har shayi zan sha.

Ashe Faris ba tasha ɗaya gare ta ba. Jiragen kudu a Gare de Lyon suke tsayawa, na Baljiyam da Holan da Kolon kuwa daga Gare du Nord suke tashi, kuma sai mutum ya gangara ƙarƙashin ƙasa ya hau jirgin cikin gari kafin ya sada tashoshin biyu. Ga akwati cike da littattafai, ga Faransancin da bai wuce gaisuwa ba. Ko da na isa, wurin wayam. Da yake tikitocin biyu daban-daban na saye su don neman rahusa, ba wanda alhakina ya rataya a wuyansa. Sabon tikitin ya lashe kuɗin abincina na kwana uku.

Tun daga ranar, duk abokin aikin da ya zo neman shawara, da wannan nake fara masa: ya duba sunan tasha, ba sunan gari kawai ba. Idan zai sauya jirgi, ya yi ƙoƙari tafiyar ta kasance a tikiti guda, domin a lokacin ne jinkirin jirgin farko ke ba shi damar hawa na gaba. In kuwa dole sai ya raba, ya bar sa'a guda da rabi a tsakani, ya zauna ya yi kallon mutane.

Sai batun biza, wanda ya kamata ya riga komai. Bizar Shengen tana ba da kwana 90 cikin 180 iyaka, kuma ana nemanta ne a ofishin jakadancin ƙasar da mutum zai fi daɗewa. Ingila ba ta ciki. Jirgin Eurostar yana ratsa ramin ƙarƙashin teku da aka buɗe a 1994, amma tun a tasha ake duba fasfo, wanda ba shi da bizar Birtaniya a nan tafiyarsa za ta tsaya.

Ana yawan yabon katin Eurail, wanda aka tanada don baƙin da ba mazauna Turai ba. Ni dai yabona da sauƙi. A Jamus yana da amfani ƙwarai, don galibi mutum hawa kawai zai yi ya nemi kujera. A Faransa da Italiya kuwa, jiragen masu gudu sai an kama kujera da ƙarin kuɗi, kuma a wasu hanyoyin kujerun masu kati kan ƙare. Wanda ya san ranakunsa, tikitin da ya saya tun da makonni yakan fi masa araha.

Kuskuren da na fi gani shi ne haɗama: gari bakwai a kwana goma. Mai yin haka tasha da ɗakin otal kawai zai gani. Gari uku sun isa, kowanne kwana uku. Sallah ma ba ta zama damuwa, tunda matafiyi yana da rangwamen ƙasaru da haɗawa; sai dai a lura cewa a bazarar arewacin Turai rana kan kai kusan ƙarfe goma na dare ba ta faɗi ba.

Na isa Kolon can da dare. Ina fitowa daga tasha sai ga babbar majami'ar garin tsaye a kaina, baƙa ƙirin, har na manta da nauyin akwati. Da safe na gabatar da muƙalar, idanuna jajur, ba wanda ya tambaye ni dalili.