Unguwar da Aka Binne, Waƙa Ta Tono

Na tashi a gidan da ba a rasa kaset na makaɗan fada. Tun kafin in iya karanta littafin tarihi, na haddace sunayen sarakuna da yaƙoƙinsu daga bakin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina. Saboda haka ban taɓa shakkar cewa waƙa rumbun tarihi ce ba. Sai dai tarihin da na gada ta wannan hanya na mahaya dawaki ne. Wani faifai daga Amurka shi ya sa na fara tambayar kaina: su kuma waɗanda ƙurar dawakin ta rufe, wa zai waƙe su?

Sunan faifan Chávez Ravine, ya fito a 2005, mai shi kuwa Ry Cooder, makaɗin jita haifaffen Los Anjalis, wanda ba shi da ubangidan da yake yi wa waƙa. Masu sauraro a Afirka ta Yamma sun san shi tun 1994, lokacin da suka yi Talking Timbuktu tare da Ali Farka Toure na Mali. A wannan karo garinsu ya waiwaya, ya shirya waƙoƙi 15, wasu da Turanci, wasu da Sifaniyanci, dukkansu a kan wani kwari da ke kusa da tsakiyar birnin.

A cikin kwarin akwai unguwanni uku: Palo Verde da La Loma da Bishop. Mazaunansu iyalai ne fiye da 300, galibi talakawa 'yan asalin Meksiko, suna da makarantarsu da majami'arsu da 'yan lambunansu. A 1950 hukumar gidaje ta birnin ta aika musu da takarda cewa su tashi, za a gina gidajen gwamnati masu sauƙin haya, kuma su za a fara ba in an gama. Da yawa suka karɓi ɗan abin da aka ba su suka yi gaba. Ana cikin haka sai guguwar farautar 'yan kwaminisanci ta taso. A 1952 aka tuhumi Frank Wilkinson, jami'in da ke kan gaba a aikin, ya ƙi amsa tambaya game da aƙidarsa ta siyasa, aka kore shi. A 1953 Norris Poulson ya ci zaɓen magajin gari, aikin ya mutu. Ba a gina gidajen ba, ba a kuma mayar wa mutane filayensu ba. An yi ba wan ba ƙanen.

Daga bisani filin ya faɗa hannun ƙungiyar wasan besbol ta Dodgers, wadda ta ƙauro daga Brooklyn a 1958. Ranar 8 ga Mayu, 1959, jami'an tsaro suka fitar da Aurora Vargas daga gidan iyayenta, sun ɗauko ta caɗak a gaban masu ɗaukar hoto, sannan katafila ta bi ta kan gidan. A 1962 aka buɗe filin wasa mai cin mutum 56,000.

Duk wannan yana cikin littattafai. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda Cooder ya bi da lamarin. Bai tsaya shi kaɗai yana kuka a madadin mutanen da ba nasa ba. Ya nemo dattawan mawaƙan al'ummar, irin su Lalo Guerrero da Don Tosti, ya sa suka rera da muryoyinsu. Tosti ya rasu a 2004, Guerrero kuma a farkon 2005, duka kafin faifan ya fito. Da ya yi jinkirin shekara biyu, da ya tarar da kaburbura. Wannan shi ya fi tsaya mini a rai.

Haka kuma bai mai da faifan zaman makoki ba. Akwai kiɗan rawa, akwai labarin 'yan dambe, akwai soyayya, domin unguwa ba ranar rushewarta kaɗai ta rayu ba. Har direban katafila an ba shi baki, yana kare kansa da cewa abincinsa yake nema. Waƙar da ta fi sosa mini zuciya ita ce ta wani mai tsaron motoci a filin wasan, wanda ke duban inda 'yan wasa ke guje-guje yana gane gurbin gidajen da ya tashi a cikinsu. Wannan ciwo ba ya bukatar tafinta.

Mu da ke karatu a kudu ba sai an kai mu Amurka ba. A Yulin 1990 gwamnatin soja ta Jihar Legas ta rushe Maroko bayan wa'adin kwana bakwai, aka raba mutane kimanin 300,000 da muhallinsu. Yau manyan gidaje ne a wurin, kuma duk sa'ad da na ratsa nakan tuna da mai tsaron motocin nan. Daga can tunanina kan dawo kan namu zangunan: Agege da Idi-Araba a Ikko, da Sabo ta Badun wadda aka kafa tun 1916. A waɗannan wurare akwai tsofaffin da suka san zamanin da ake koro shanu a ƙasa daga arewa, suka san yadda ake lodin goro a jirgin ƙasa, suka san wane mai gida ne ya sauki wane baƙo. Kowace shekara muna rakiyar wasunsu makwanci, abin da ke cikin kawunansu kuma yana bin su.

Ba za a ce al'adarmu ba ta san waƙar talaka ba. Ɗan Maraya Jos, da ɗan kuntiginsa, ya ɗaukaka karen mota har ya shiga bakin duniya. Abin da nake marmarin ji shi ne makaɗin da zai ɗauki zango guda ya yi masa faifai sukutum, ya zauna da mahauta da dillalai da masu tuwo-tuwo, ya bar su su yi magana. Ba zai sami kyautar doki ba, ƙila ma ya ci bashi kafin ya gama.

Na sani waƙa ba ta tayar da bango. Faifan Cooder bai mayar wa kowa gidansa ba, filin wasan kuma yana nan ana ta cika shi. Amma ni da ban taɓa taka Amurka ba, ga shi na san sunan Palo Verde, har na rubuta shi da Hausa. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Tamu tana nan zaune a zaurukan Sabo da Agege, tana jan carbi. Allah Ya ba mu masu ɗibarta tun da sauran rana.